Aljihun A-kori-kurar da Ba Ta Iso Ba

Shekarar da ciwon baya ya kwantar da maigidana ita ce shekarar da na san gajiya ta gaske. Kafin nan ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana jan a-kori-kura, yana kwasar kifi da kayan lambu daga nan Tiga ya kai Kiru, ya kai Tudun Wada, ranar kasuwa kuma ya keta daji har Doguwa. Ni kuwa sana'ata banda. Da an yi sallar asuba sai in sauka bakin ruwa in sayi kifi a hannun masunta, in dawo in wanke, in lanƙwasa tarwaɗa in soke ta da tsinke, in jera a kan ragar ganga, in yini cikin hayaƙi. Shi ne mai kai mini kasuwa. Da ya kwanta, sai kai kasuwar ma ya dawo wuyana, ina bin motocin haya da kwali a ka, ga jinya, ga girki, ga wankin da ba ya ƙarewa.

Motar tasa tana ƙofar gida a gindin darbejiya. Tayoyinta suka fara sacewa, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutawa. Likita ya ce ya riƙa kwanciya a wuri mai tauri, don haka muka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Daga inda yake kwance yana hango gaban motar. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ga shi yana ƙirga azarar rufi. Ya daina yawan magana. In na kai masa abinci sai ya ci loma uku ya ture kwanon.

Babbar 'yarmu tana koyarwa a wata firamare a Bebeji, takan zo mana ƙarshen mako. Ita ce ta kawo maganar motar. Ta zauna kusa da shi ta kunna masa wani bidiyo a waya, ta ce Baba dubi irin a-kori-kurar da ake shirin fitarwa a ƙasar waje, ba ta shan mai, caji ake yi mata kamar tocila. Ta bayyana masa cewa ba a fara sayar da ita ba tukuna, nuna ta kawai aka yi, kuma masu ita ba su buɗe ko'ina ba, sun bar mutane suna ta hasashe. Ina tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu, na ga ya ɗan ɗago kai. Ya ce ta mayar baya. Ta mayar. Ya ce ta tsayar a nan.

Abin da ya gani wani siririn layi ne a gefen motar, tsakanin ƙofar baya da tayar baya, mai kusurwa huɗu kamar ƙaramar taga. Ni da na leƙa ban ga komai ba sai fenti. Shi kuwa ya ce wannan ƙofa ce, kuma duk inda aka yi ƙofa akwai ɗaki a bayanta. Ranar ya cinye tuwonsa tas. Da 'yar tamu za ta koma, sai ta bar masa tsohuwar wayarta da bidiyon a ciki. Na yi mata godiya a lokacin. Bayan wata guda na fara tunanin ko na yi gaggawar godiyar.

Yana da amini, mai walda ne a Tudun Wada, tare suka yi ƙuruciya a gareji. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan hawo babur ya zo duba shi, da ɗaurin rake a bayansa. Da aka nuna masa layin nan, sai ya kusantar da wayar ga idonsa mai kyau, don ɗayan wutar walda ta riga ta cinye rabinsa, ya ce ai wannan murfin wurin caji ne, ko kuma ta nan ake duba batir. Maigidana ya ce babu mai hankalin da zai yanka ƙofar da tunkiya za ta shiga saboda igiyar wuta ɗaya. Daga nan musu ya tashi, kuma bai kwanta ba har damina ta sauka.

Ba layin kaɗai ba. Tunda motar ba ta da inji, me ke cikin bonet? Maigidana ya ce fanko ne, akwati ne babba da aka ɓoye a gaban idon kowa. Mai walda ya ce dole akwai fanka da wayoyi, Bature ba ya barin wuri haka nan. Suka koma kan ƙyauren baya, wai kaurinsa ya yi yawa, lalle akwai aljihu a cikinsa. Suka koma ƙarƙashin kujerar baya. Suka koma ƙasan bodi, inda suke zaton an yi wani rami mai murfi. Bidiyon bai kai minti uku ba, amma sun fitar da aljihu bakwai a cikinsa, mai walda ya amince da uku, ya ƙi huɗu.

Maganar ta fita unguwa. Zauren da ya yi wata biyu shiru sai ya koma majalisa. Wani masunci maƙwabcinmu ya ce in dai ramin ya ratsa daga gefe zuwa gefe, to filafilinsa da ragarsa sun sami ɗaki. Wani mai noman rani ya auna da hannu ya ce injin ban-ruwa ba zai shiga ba, amma tiyo zai shiga in an naɗe shi. Har wani Bafulatani da ke saye wurina, mutumin wajen Doguwa, ya tsuguna ya kalla, ya ce shi ɗan maraƙin da aka haifa a hanya zai saka in ruwa ya tsuge. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin motar lantarki ido da ido. Kuma duk wanda ya zauna sai an ba shi ruwa, sai an dafa shayi, wanda azahar ta riska sai an fito masa da abinci. Ni ce mai dafawar. In bar ganga tana hayaƙi in hura wata wutar, in dawo in tarar gefe ɗaya na kifin ya soma ƙonewa.

Wata rana na shigo da tire, mai walda ya ce, "Uwargida, ke fa me za ki saka a ciki?"

Na ce, "Ni zan shiga in kwanta, ku rufe ni har la'asar."

Suka yi ta dariya. Na ajiye tiren na fita. Ni dai ba wasa nake yi ba.

A cikin waɗannan hirarraki ne na ji wani labari da bai taɓa ba ni ba duk zamanmu. Su mutanen wani ƙauye ne da ruwan dam ya cinye, yana ƙarami aka taso su. Ya ce mahaifinsa yana da rumbu na ƙasa, kuma a gindin rumbun ya gina wani loko ya shafe bakinsa da laka, ko mahaifiyarsu ba ta sani ba. A nan yake ajiye irin shuka, don ko yunwa ta matsa kada gida ya kai hannu. Ranar da za su tashi, an gama ɗaure kaya, sai tsohon ya ɗauki fartanya ya fasa gindin rumbun a gaban kowa, ya zaro tukwane biyu cike da dawa da gero. Da wannan irin suka yi shukar farko a sabon wuri. Maigidana ya ce tun daga ranar, in ya ga gini ko mota ko akwati, abin da yake fara tambayar kansa shi ne ina maginin ya ɓoye lokonsa. Sai masuncin ya ce su ma kakarsu tana da irin wannan a ƙarƙashin gado, aka ci gaba.

Daga hasashe sai aka koma zane. Ya sa na ciro masa tsohuwar kalanda, ya riƙa zana motar a bayanta da biro, yana kwance a gefe ɗaya. Sannu a hankali na lura motar da yake zanawa ta daina kama da ta bidiyo, ta koma kama da tamu. Ya gano cewa a tsohuwar a-kori-kurarsa ma akwai fili a ƙarƙashin bodi, daf da bayan kan mota, wanda ba komai a cikinsa sai ƙura. Ya ce in aka yi akwatin ƙarfe a nan, aka lulluɓe cikinsa da soson katifa, aka yi masa ƙofa a gefe, to an gama.

Wata la'asar ina shafa masa man zafi a baya, na kasa haƙuri. Na ce Malam, motar da ba ta motsi, mai tuƙinta ba ya iya tsayuwa, me za a yi da akwati a cikinta? Sai ya ce:

"Kin duba idonki a madubi kuwa kwanan nan? Ina jin tarinki daga nan. In ɗanyen kifi zai kai Doguwa da sanyinsa, kin huta da rabin hayaƙin nan. Can ba su samun ɗanye, za su saya."

Ya ƙara da cewa kuma masu tsare hanya, waɗanda kowanne sai ya zura hannu a kwali ya zaɓi na miya, ba za su ga abin da ke ƙarƙashi ba. Na ci gaba da murza masa bayan. Gaskiya ne idona ya daɗe yana ruwa, da safe sai na wanke da ruwan ɗumi kafin ya buɗe sosai. Ban san ya lura ba. Washegari na ce a yi.

Yana da ƙane da ke achaɓa a Kiru, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ya iya mota. Shi aka kira. Aka yi wa tayoyi iska, aka ari batir, maza biyar suka tura ta har gangaren makaranta kafin ta yi tari ta tashi. Ya kai ta Tudun Wada. Kwana uku tana wurin mai walda, maigidana yana ba da umarni ta waya, yana faɗa, yana cewa a auna da kyau. Na ji mai walda yana gaya masa cewa wurin ya yi kusa da salansa, zafi zai dame shi. Maigidana ya ce a ninka soson. Mai walda ya ce to.

Ranar da aka dawo da ita, maigidana ya ce a tashe shi. Ni da ƙanensa muka riƙe shi ta kowane gefe, ya taka har gindin darbejiya, tafiyar da ya yi wata huɗu bai yi ba. An yi wa ƙofar fenti irin na motar, in ba an nuna maka ba ba za ka gane ba. Ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa, ya zura hannu har kafaɗa. Ya rufe. Ya yi haka ya fi sau goma, gumi yana karyo masa saboda ciwo, amma bai yarda a mayar da shi ba sai da ya gaji.

Muka sa ranar kasuwar Doguwa. Da asuba na sauka bakin ruwa na zaɓi mafi kyawun abin da aka kamo, ragon ruwa biyu manya, da giwan ruwa, da karfasa masu faɗi. Na sayi ƙanƙara wurin wani mai firji mai aiki da hasken rana. Muka jera kifin a akwatin, ƙanƙara a ƙasa, ƙanƙara a sama, muka rufe da buhu. Bandar kuma muka ɗora a bodi kamar kullum. Maigidana yana daga zaure yana cewa a tabbata sakatar ta shiga. Na zauna a gaba kusa da ƙanen nasa, muka kama hanya.

Har Tudun Wada lafiya lau. A shinge biyu aka tsayar da mu, aka leƙa kwalayen banda, aka ɗauki abin da aka ɗauka, ba wanda ya kalli gefen motar. Ƙanen mijina ya dube ni yana murmushi, ya ce Yaya, da alama dai tsohon nan ya yi gaskiya. Ni ma na fara sakin jiki. Bayan mun shiga daji ne hanya ta ɓaci. Ruwan da aka yi kwana biyu ya zaizaye gefen titi, akwai wurin da sai an sauka daga kwalta an bi ta laka. A nan muka faɗa wani rami, ƙarƙashin motar ya daki ƙasa da ƙarfi har haƙorana suka haɗu. Ƙanen mijina ya sauka ya duba, ya ce ba abin da ya fashe. Muka wuce.

Da hantsi muka isa. Na shimfiɗa bandata, na gaya wa masu saye na kullum cewa yau akwai ɗanye, su jira. Mata uku suka tsaya, da wani mai gidan abinci. Ƙanen mijina ya zare sakata ya ja ƙofar. Ba ta motsa ba. Ya sa sukundireba, ya sa ƙarfen cire taya, ya daka da dutse. Ashe dukan da muka yi a rami ya lanƙwasa bakin akwatin, ƙofar ta cije. Ruwa yana ɗiga ta ƙasa, na tara hannu, na ji shi da ɗumi. Aka ce akwai mai walda a garin, muka aika, aka ce ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Matan suka gaji da tsayuwa suka tafi. Mai gidan abincin ya ce Allah ya kyauta, ya sayi banda kaɗan don kada ya bar ni haka.

Kafin azahar ƙudaje sun gano abin da masu tsare hanya ba su gano ba. Suka yi baƙi a gefen motar. Masu rumfar kusa suka fara toshe hanci suna kallonmu. Na tattara sauran bandar ban gama sayarwa ba, muka juyo. Kaina yana sarawa, ƙafafuna sun kumbura, warin yana shigowa ta taga.

Da la'asar muka tsaya a Tudun Wada. Mai walda ya fito, ya ji warin tun daga nesa, bai tambayi komai ba. Ya yanke bakin ƙofar ya buɗe. Soson ya jiƙe ya yi zafi kamar an dafa shi. Kifin ya kumbura, cikin ragon ruwa ɗaya ya fashe. Ko banda ba zai yiwu ba. Muka haƙa rami a bayan garejin muka binne. Ya kawo mini ruwa a buta na wanke hannu, ya ce, "Uwargida, ki yi haƙuri. Na san zafin zai yi yawa. Na ga yadda yake murna ne na kasa hana shi."

Muka iso gida ana kiran magariba. Maigidana yana zaune, ya jingina da bango, ya sa an share zauren. Ƙanensa ya ba shi labari a taƙaice ya hau babur ɗinsa ya gudu. Na yi salla, na kawo masa abinci. Sai ya fara tambayata, wai ƙofar ce ta fara cijewa ko ƙanƙarar ce ta fara narkewa, don in zafi ne, za a iya karkatar da salansa, in kuma ƙofa ce, a ɗaga akwatin sama kaɗan. Ya ce ita waccan ta lantarkin ai ba ta da salansa, shi ya sa nasu zai yi aiki.

Na ce, "Malam, waccan motar ba za ta zo Tiga ba. Ko ta zo ba mu za ta zo wa ba. Wutar da za mu yi cajin waya ma sai mun kai shago. Na gaji. Don Allah ka bar ni da hayaƙina."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya jawo kwanon ya fara ci a hankali. Na koma ciki na zauna a bakin gado, ko kayan kasuwar ban cire ba.

Majalisar ta watse da kanta. Labarin kifin ya zaga unguwa, masu zuwa suka koma gaisuwa daga bakin ƙofa. Kalandar ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin tabarma. Muka yi kusan mako muna gaisuwa kawai da abin da ya zama dole. Ni na fara saukowa, na dafa masa farfesun karfasa na kai masa, na zauna har ya gama. Ya ce ya yi daɗi. Shi ke nan, ba wanda ya ba wani haƙuri da baki.

Bayan an yi girbi 'yarmu ta zo da sabon bidiyo. Ta ɗan yi jinkiri kafin ta nuna, don ta san abin da ya faru, ni na ce ta nuna masa. Har lokacin ba a fara sayar da motar ba, an sake ɗaga ranar, amma wannan karon sun buɗe ta. Layin nan ƙofa ce. Ramin ya ratsa daga gefe zuwa gefe, mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Bonet ɗin ma fanko ne. Ƙyauren baya kuwa ba komai a cikinsa, kauri ne kawai. Ya kalla har ƙarshe bai ce a mayar baya ba. Ya tambaye ta me mutumin yake zarowa daga ramin. Ta ce kujerun zama ne masu naɗewa da ɗan murhu, na masu fita daji shan iska.

Ya ce, "Duk wannan wurin, kujera?"

Ya yi dariya har sai da bayan ya soke shi. Ya sa ta kira mai walda ta gaya masa, muna jin muryarsa daga wayar yana cewa shi dai ya ci ɗaya, ƙyauren baya. Daga nan ban ƙara jin sun tayar da maganar ba.

Motar tana hannun ƙanensa yanzu, yana jigilar masara da tumatir tsakanin Kiru da Tudun Wada, ranar kasuwa ya ɗauki kwalayena. Akwatin an gyara masa ƙofa, jak da sifana da igiya ne a ciki. Maigidana bai koma tuƙi ba, likita ya ce kada ya sake. Amma ya fara takawa da sanda. Wata safiya na idar da salla ina neman mayafi, na ga babu kwandon sayayya a inda nake rataye shi. Ashe shi ya ɗauka ya gangara bakin ruwa. Ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo kuma wani masunci ne ya rako shi da kwandon a ka. Tun daga ranar shi yake sayo mini kifi, ni kuma in koma in ɗan kwanta har rana ta fito. Bai iya zaɓe ba. Masuntan suna tura masa ƙananan karfasa da tarwaɗar da ta kwana, yana karɓa yana yi musu hirar hanyar Doguwa. In ya kawo sai in juye a baho, in ware waɗanda za su yi banda, sauran in yi mana miya da su.